Izinin da Aka Ba Mu da Baki

Abin da idona ya fara sauka a kai ranar ba motar ba ce, duk da cewa ita ce mota ta farko da na ga ta shigo har tsakiyar ƙauyenmu. Biro ne guda uku jere a aljihun rigar baƙon, ja da kore da shuɗi, kawunansu na ƙyalli cikin hantsi kamar 'yan kunnen amare. Ranar wata Talata ce, sati biyu bayan babbar Sallah, ina 'yar shekara takwas, ina aji uku. Tun da sassafe Inna ta wanke mini kai da sabulun salo, ta mulke ni da man gyaɗa har goshina na sheƙi, aka jera mu layi biyu a gaban azuzuwa, kowa da kayan Sallarsa. Koren biron ne ya fi tafiya da hankalina. Na yi ta kallonsa har sai da Hinde, ƙawata da ke tsaye a bayana, ta mintsine ni, don an fara gaishe da baƙo ni ko baki ban buɗe ba. A raina na riga na yanke cewa duk abin da aka rubuta da wannan koren biro ya zauna ke nan, babu mai iya goge shi.

Ƙauyenmu 'yar unguwar manoma ce a bayan Rawayau. Makarantar boko mafi kusa da mu tana da nisa, ga kuma rafi a tsakani wanda in damina ta zauna babba ma sai ya naɗe wando ya yi bisimilla kafin ya sa ƙafa. Saboda haka yayyenmu duk ba su yi boko ba. Mu ma da haka za mu tashi, ba don Malam Hamisu ba. Ɗan ƙauyen ne, ya yi sakandare a Dutsin-Ma, mahaifinsa ya rasu, ya dawo gida ya riƙe gona da ƙanne. Dogo ne siriri mai sanyin murya, irin mutanen da in suna magana sai ka matso. Da farko a zaurensu yake tara yara da yamma yana nuna musu baƙi da lissafi a ƙasa da tsinke. Da iyaye suka ga yaro na iya karanta wasiƙar da ɗan'uwa ya aiko daga kudu ba sai an je Rawayau neman mai karantawa ba, sai aka yi gayya. Maza suka kwaɓa ƙasa suka yi tubali, mata da 'yan mata suka yi ta jigilar ruwa daga rijiya, aka tayar da ɗaki biyu a gindin wani marke, aka rufa su da itace da kara da ƙasa. Ni ma na kai ruwa a ɗan kwanon sha, rabi ya zube a hanya, amma har yau ina jin da hannuna a ginin nan.

Allonmu bango ne aka shafe da siminti, duk ranar Asabar mu fasa tsohon batir mu goga masa baƙin cikinsa. Ƙararrawarmu tsohuwar garma ce rataye a reshen marken. Da asuba muna makarantar allo wajen Liman, hantsi na yi mu sha koko mu taho boko, kowa da buhun da zai shimfiɗa. Malam shi kaɗai ne malami, shi ne hedimasta, shi ne mai raba faɗa. Ya ba wannan ɗaki aiki, ya ruga wancan, ya leƙa ƙananan da ke inuwa, alli har a gemunsa. In ya juya baya mu 'yan mata mu fito da duwatsun carafke daga bakin zane, maza kuwa su faki ido su fara langa a bayan aji. Bai cika duka ba. Abin da yakan ce shi ne, "Ku yi wasanku, amma ku rage mani rabin kanku." Da kaka kowane gida ya kai masa damin gero ko na dawa, shi ke nan albashinsa.

Baƙon nan mai biro uku babban jami'i ne daga cikin masu duba makarantu. Ban taɓa sanin sunansa ba. Malam ya daɗe yana aika wasiƙu, ranar kuma rangadi ya biyo da jami'in ta wajenmu. Ya shiga ɗakunan yana sunkuyar da kai saboda ƙofar gajera ce, ya sa aka yi karatu, ya tsayar da Hinde ya yi ta jefa mata lissafin sau, tana ba shi amsa kafin ya rufe baki, har ya yi dariya ya tafa. Daga nan aka kai shi ƙofar gidan Mai unguwa, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka kawo fura da nono da soyayyen naman Sallah da ya rage a tukwanen mata. Mu yara muka yi cirko-cirko a nesa, mata kuma suna leƙe ta ramukan danga.

Bayan an ci an sha, Mai unguwa ya gyara zama ya ce, "Ranka shi daɗe, ga abin da muka yi da hannunmu, ka gani da idonka. Roƙonmu a yarje mamu, ɗiyanmu su zama kamar ɗiyan kowa."

Baƙon ya ajiye ludayi ya ce, "Haba Mai unguwa, wannan ai aikin alheri ne. Wa zai hana? Ku ci gaba, ba komai. Allah shi yi albarka."

Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha, aka raba goro, mata suka rangaɗa guɗa daga bayan danga. Aka sa masa zabbi biyu da ƙwaryar ƙwai a bayan mota, muka bi ta da gudu har bakin rafi. Ni kaɗai na dawo da ɗan ɓacin rai, don tun safe nake jiran in ga koren biron nan ya yi rubutu, har mutumin ya tafi bai zare shi daga aljihu ba. Da na faɗa wa Inna sai ta ce, "Ke dai da kallon abin mutane. Ɗauki tsintsiya."

Wanda bai tashi a irin wurinmu ba zai yi mamakin yadda gari guda ya kwana da murna a kan 'yan kalmomin nan. Amma mu haka muka san ana yin komai. Gonar da Baba ya saya a gefen fadama babu takarda ko ɗaya a kanta. An tsaya ne gaban mutum uku, mai sayarwa ya faɗa, Baba ya faɗa, aka shafa fatiha, kuma har gobe babu wanda ya isa ya matsar da iyakarta da taki ɗaya. Aure haka, aron gona haka, sulhu haka. Babban mutum ya ce ya yarda a gaban jama'a, da abincinka a cikinsa, sannan ka miƙa masa takarda ka ce ya rubuta, ai ka ce masa maƙaryaci ke nan. Shi kansa Malam, wanda ya san darajar takarda, daga baya ya ce maganar ta zo masa har bakinsa, kunyar manya ta mayar da ita. Ya ɗauka in mutumin ya koma ofis zai rubuta.

Shekara uku muka yi muna zaune a kan wannan magana hankali kwance. Na girma cikin aikin da kowace 'yar ƙauye ta sani. Ɗiban ruwa kafin rana ta yi zafi, surfe da Inna har tafin hannu ya yi kanta, kai wa Baba fura gona, roron wake, tsinkar gyaɗa da kaka har farce ya yi baƙi, korar awaki daga shanyar barkono. Amma zuciyata ba a nan take ba. Wata ranar kasuwa Baba ya tafi da ni Dutsin-Ma, na ga 'yan matan sakandare sun taso, fararen hijabai, littattafai rungume a ƙirji, suna tafe suna hira kamar ƙasar ma tasu ce. Tun daga ranar na zama ɗaya daga cikinsu a mafarkina. A aji biyar kuma wata 'yar ɗakin Inna da ke aure a birni ta manta wasu ƙananan littattafan soyayya a gidanmu, bangonsu duk ya yage. A bayan rumbu na karance su, na sake karantawa. A cikinsu kullum yarinya tana shan wuya, tana jira, tana kuka a kan matashin kai, amma shafin ƙarshe ba ya taɓa cin amanarta. Na ɗauka haka duniya take, in dai ka iya jira.

Hinde ba ta da irin wannan shirme nawa. Ita lissafi ne abincinta, kuma burinta ɗaya, ta zama malamar asibiti, don ta ga yadda aka ɗauki innarta a amalanke zuwa Kurfi. Mu tara ne muka kai aji shida, mu ne 'yan farin makarantar, mu ne za mu fara zana jarrabawar shiga sakandare. Garin duka ya zuba mana ido. In na wuce da tulu tsofaffi su ce, "A gaishe da 'yan sakandare," ni kuwa in ƙara lanƙwasa wuya.

Da bazara ta kama, Malam ya rubuta sunayenmu tara a takarda mai layi da rubutunsa mai kyau, ya sa a cikin leda, ya hau kekensa ya nufi ofishin ilimi na Kurfi don ya miƙa. Kullum in ya dawo daga tafiya tun daga bakin rafi yake kaɗa ƙararrawar keke mu ruga mu tarbe shi. Ranar bayan la'asar ya shigo, yana tura keken da hannu, bai kuma tsaya a dandali ba.

Washegari ya shigo ajinmu, ya rubuta wata kalmar Turanci a tsakiyar allo da manyan baƙaƙe. Ya furta ta, muka bi shi, bakinmu ya mayar da ita afuruf. Ya ce ma'aikatan ofis kuwa in suna Hausa cewa suke an yi afurubin. Ya buɗe tsohon ƙamus ɗinsa da ya ɗinke da zare, ya karanta, sannan ya fassara mana. Ya ce ma'anarta a ba da izini, amma ba kowane izini ba. Uba yana yarje wa ɗansa ya tafi kasuwa, Mai unguwa yana yarje wa baƙo ya kafa bukka, duk wannan yarda ce. Ita wannan yardar hukuma ce, wadda wanda aka ɗora wa alhakin abin yake yi a rubuce, ya sa hannu, a buga hatimi, a ba ta lamba, a adana a fayil, yadda ko ya mutu ko an ɗauke shi maganar tana nan. Kamar yadda ya saba da kowace sabuwar kalma, sai ya sa muka yi ta gina jimloli da ita. An yi wa asibiti, an yi wa hanya, an yi wa rijiyar burtsatse. Muryarsa a dushe, yana gyara mana furuci kamar babu abin da ya faru.

Hinde ce ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, to mu an yi mamu?"

Ya daɗe yana kakkaɓe alli daga yatsunsa. Sannan ya ce, "Ba a yi ba tukuna."

Ya faɗa mana gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Makarantarmu ba ta cikin littafin hukuma, kuma ɗan makarantar da ba ta cikin littafi ba ya zana jarrabawa. Saura sati shida a rufe karɓar sunaye.

Abin da ya ba ni mamaki, manya ba su tayar da hankali ba ko kaɗan. Da Malam ya kai maganar, Mai unguwa cewa ya yi, "To mene ne a ciki? Ai akwai shaidu." Aka tsayar da rana. Mai unguwa ya naɗa rawaninsa, Liman ya ɗauki carbinsa da sandarsa, Baba, wato Malam Ado, ya fito da babbar rigar da ba ya sawa sai Idi, tana ƙamshin adaka. Su uku ne suka fi kusa da baƙon ranar da ya yi maganar, su ne za su je su ba da shaida kamar yadda ake yi a gaban alƙali in an yi musun gona. Baba ya ce a tafi da ni in yi karatu a gani, don kada a ce makarantar ta baka ce. Muka taka zuwa Rawayau, har da Malam Hamisu, muka hau bayan wata a-kori-kura mai zuwa Kurfi tare da buhunan gero da tumaki biyu, Liman yana ta kare rigarsa daga bakin tunkiya.

Tun hantsi muke zaune a kan benci a barandar ofishin, har aka kira azahar, aka yi salla, aka dawo. Ƙafafuna ba sa kaiwa ƙasa, suka yi tsami. Na ƙirga mutanen da suka shiga suka fita har na gaji, kowa da takarda a hannu sai mu. Can aka ce mu shiga wajen akawu. Mutum ne mai matsakaicin shekaru, idanunsa ja don gajiya, fayiloli jibge a gabansa har sun kusa rufe shi, yana ɓarar gyaɗa a kan wata tsohuwar jarida. Ya miƙe ya gaishe da manya da ladabi, ya sa aka kawo kujeru.

Mai unguwa ya ce, "Mun zo da shaidu."

Akawu ya ce, "Shaidun me, Baba?"

"Shaidun an yarje mamu makaranta. Ga Liman, ga Malam Ado, ga ni. Da kunnenmu muka ji, ba wani ya faɗa mamu ba."

Liman ya ƙara da cewa, "Ni na shafa fatihar da hannuna."

Akawu ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ban ƙaryata ku ba. Wallahi na yarda ya faɗa. To amma fatihar zan huda in sa a fayil?"

Wani da ke ɗaya teburin ya tuntsire da dariya, ya rufe baki da takarda. Baba ya ɗaure fuska ya ce, "Yaro, mu ba wasa ya kawo mu ba."

"Ni ma ba wasa nike ba, Baba. Abin da za a tambaye ni a sama shi nike tambayarku. Wa ya yi afurubin? Ina sa hannunshi? Ina lamba?"

Mai unguwa ya ce, "To a kira shi mana, ya dube mu ido da ido ya ce bai faɗa ba."

"An yi mashi canjin wurin aiki, shekara biyu ke nan. Wanda ke kujerar yanzu bai taɓa jin sunan garinku ba."

"Ai kujerar ɗaya ce."

Akawu ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Kujerar ba ta je garinku ba, Baba. Shi ya je, shi ya sha furar, ya kuma tafi da kunnenshi."

Sai na ji hannun Baba a bayana yana tura ni gaba. Ya ce, "To ga shaida ta huɗu. Binta, karanta mashi." Na buɗe littafin Turancinmu na aji shida, na fara karanta labarin wani manomi da rijiyarsa. Da farko muryata kamar ta sauro, daga baya ta buɗe. A cikin raina ina ganin yadda abin zai ƙare kamar a littattafan bayan rumbu. Zai ajiye gyaɗarsa, idonsa ya ciko da hawaye, ya jawo aljihun tebur ya fito da hatimi. Ya kuwa saurare ni har ƙarshen shafi bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Madalla, 'yar Baba. Kin fi da yawa daga cikin waɗanda sunansu ke wurina." Ya damƙi gyaɗa ya zuba mini a hannu. Ya juya wajen Malam Hamisu ya shiga lissafa masa abin da ake bukata, takardar nema da aka buga da tafireta, da takardar fili, da hoton ginin, da ziyarar masu dubawa, da rahotonsu, da zaman da za a yi a kan rahoton. Ya ce, "In faɗa maku gaskiya don kar ku yi ta wahala, bana ba za ta yiwu ba."

A hanyar komawa, da muka wuce rabin tafiya, Mai unguwa ya warware rawaninsa ya ɗora a cinya, abin da ban taɓa gani ba. Can ya ce, kamar da kansa yake, "Yau na ga wurin da dattawa uku ba su kai takarda ɗaya ba." Gyaɗar nan tana dunƙule a hannuna har gida, ta jiƙe da gumi, ban iya ci ba.

Malam bai yarda da maganar akawu ba. Sati shidan nan a kan keke ya yi su, cikin zafin bazara. Yau Kurfi, gobe Dutsin-Ma wajen mai tafireta, jibi ya ɗauko mai hoto a bayan keke ya ɗauki ɗakunanmu biyu. A ce masa oga ya fita, a ce ya dawo jibi, a ce takardar ta wuce wani tebur. Kowa ya yi sharar gona ya kai taki, tasa tana nan da kararen bara. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, leɓɓansa suka tsattsage. Amma duk yammar da ya dawo sai ya buga garma, mu taru, ya yi mana bitar tambayoyin shekarun baya, wani lokaci yana jingine da bango ido rufe yana saurarenmu. In mun tambaya ya ce, "Ana nan ana yi. Ku dai ku riƙe naku." Mu ma mun gaji. Gajiyar jira daban take da ta surfe, don ita barci ba ya sauke ta.

Aka rufe karɓar sunaye, ranar jarrabawa ta zo. Babu wanda ya ce mu je makaranta, amma mu tara duk muka je, kowa da fensirinsa a fiƙe. Malam ya dube mu, ya fita, ya dawo da takardu. Ya raba mu nesa da juna, ya rubuta tambayoyi a allo, ya cire agogonsa ya ajiye a kan tebur ya ce, "Ku fara." Muka yi lissafi, muka yi Turanci, babu mai tari. A daidai wannan lokaci 'yan wasu makarantu suna can suna yin ta gaske. Da yamma ya zauna a gindin marke ya duba, ya kira sakamako. Hinde ta ɗaya, ni ta uku. Ya miƙa wa kowa takardarsa da hannu biyu. Babu inda za a kai su, sai muka kai gida.

Hanya ɗaya ta rage, yaro ya koma makarantar da ke cikin littafi ya sake daga aji biyar. Wannan kuwa sai mai ɗan'uwa a gari. Ni ina da Gwaggo a Kurfi, aka kai ni wurinta, na zauna aji ɗaya da yaran da na girme su, na maimaita abin da na riga na sani shekara biyu. Maza biyu ma suka samu inda aka ajiye su. Sauran shida suka tsaya. Hinde ba ta da kowa a Kurfi, ga innarta ba lafiya, sai ta koma ga tuyar ƙuli-ƙuli. Ranar da zan tafi ta raka ni har rafi, ta ce in na samu littafin lissafin sakandare in aro mata ta gani. Ban taɓa kai mata ba, kullum sai in ce sai hutu mai zuwa.

Izinin ya fito ina aji biyu na sakandare, da farin hijabina da na daɗe ina mafarki, wanda ban ji daɗinsa kamar yadda na zata ba. Malam bai fasa zirga-zirga ba duk shekarun nan, shi ya bi takardar tebur bayan tebur har ta fito. Aka kafa allon suna a bakin hanya, aka gina azuzuwa na bulo da rufin kwano, aka turo malamai. Sai dai makarantar da ke cikin littafi malaminta ma sai wanda ke da takardar shaidar malanta, shi kuwa Malam ta sakandare kawai gare shi. Ya miƙa wa sabon hedimasta rajistar yara da ragowar alli, ya koma gona.

Yanzu a Dutsin-Ma nake, ina aikin buga takardu a wani ofis. Kalmar nan da na fara gani a allon siminti ina buga ta sau da yawa a rana har yatsuna sun haddace ta. Na san amfaninta, na ga inda ta hana mai ƙarfi cinye haƙƙin marar ƙarfi. Na kuma ji bakina yana ce wa wani tsoho mai babbar riga ya dawo jibi. Yau ko a ƙauyenmu ba a sayar da ɗan fili sai an rubuta an ɗauki hoto da waya, kuma ba na cewa an yi kuskure. Amma wani lokaci in na tashi aiki, kaina na sarawa, nakan yi kewar mutanen da suka ɗauka maganar babba ta isa a gina makaranta a kanta.

Bara na haɗu da Malam Hamisu a kasuwar Dutsin-Ma. Yana zaune a kan buhu a layin masu kayan miya, gabansa ƙulle-ƙullen irin shuka a leda, na kuɓewa da yakuwa da albasa. Gemunsa ya yi fari tas. Na durƙusa na gaishe shi, ya ƙura mini ido, sannan ya ce, "Binta ta Malam Ado! Ta uku." Muka yi dariya. Na tambaye shi gida, ya ce jikokinsa biyu suna makarantar yanzu, yara sun yi yawa har ana zama a ƙasa.

Ya ce, "In zan tafi gona nakan tsaya bayan taga in saurara. Sabon malamin lissafin yana da ƙoƙari, amma yana da sauri, na baya ba su bin shi."

Na ce, "To Malam, ba ka shiga ka nuna mashi?"

Ya gyara wani ƙulli da iska ta ture, ya ce, "A'a, Binta. Wurin hukuma ne yanzu. Ba a shiga haka nan."

Wata mata ta tsaya tana taya irin kuɓewa, ya juya wajenta da wannan sanyin muryar tasa yana yi mata bayanin tazarar da ake bari tsakanin rami da rami, da yadda ake gane ƙasa ta sha ruwa, a hankali, yana maimaitawa har sai da ta gane. Na sayi ƙulli biyar na yakuwa, ni da ko tukunyar fure ba ni da ita a gidan haya. Har na yi nisa ina jin muryarsa a bayana. Koyarwa dai bai daina ba, aji ne ba shi da shi.